Haɗa kayan kwali daban, iya ƙira daban

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka ce an buɗe wajen haɗa motoci ko taraktoci ko adaidaita sahu a ƙasar nan, zaka ga an yanka ribon, manya sun hau sun ɗau hoto, jaridu har da taku su buga cewa yanzu mun fara ƙera kaza a gida. Ni dai na yi shekaru ina cin abinci da sifana a hannu, kuma gaskiya kalmar "mun fara ƙerawa" ɗin nan tana bani dariya wani lokacin kuma ta bani haushi. Ba wai haɗa kaya ba aiki bane, aiki ne kuma mutane na ci da iyalinsu da shi. Amma masana'anta bata ƙaruwa da komai dan kawai tana ɗaura sassan da wani ya ƙera, sai in tana koyon wani abu daga ɗaurin, kuma abin da ta koya ya zauna a cikinta ko da ma'aikaci ya tafi. Anan ne muke faɗuwa.

Tsarin da duniya ke yayi yanzu shine a raba abin da za a ƙera gida gida. Maimakon a tara dubban ƙananan ƙarafa da wayoyi a layi ɗaya ana ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, sai a ce wannan kamfanin ya kawo inji da giya a haɗe, wancan ya kawo gaban mota da mitoci da wayoyinta duk a jone, wani kujeru, wani ƙafafu da birki, a wajen haɗawa na ƙarshe sai dai a jona manyan gungun nan. Kamar dai shagon tela ne in sallah ta matso, wani na yanka, wani na ɗinka wando, an kai wuyan riga wajen mai aiki, yaro na saka maɓalli, kowa na nashi a lokaci guda shi yasa kaya ke fita da wuri. Amma duk wanda ya taɓa karɓo ɗinkin sallah ya ga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ya san inda matsalar take, in babu babban tela da ya riƙe awon a kansa yana duba kowa to saurin ya zama asara.

Bari in fara da inda tsarin ya yi aiki har ya ba duniya mamaki. Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen dakon kaya fiye da yadda ake iya ƙera su, sai Amurka ta shiga ƙera wani samfurin jirgin ruwa da ake kira Liberty. Daga 1941 zuwa 1945 sun ƙera guda 2,710 a wuraren ƙira 18. Na farko, mai suna Patrick Henry, kwana 244 aka yi ana aikinsa. Kafin a je ko'ina matsakaicin lokacin ya dawo wajen kwana 42. A watan Nuwamba 1942 ma a wajen ƙirar Henry Kaiser da ke Richmond a jihar Kalifoniya an haɗa wani mai suna Robert E. Peary aka tura shi ruwa cikin kwana 4 da awa 15 da ɗoriya, duk da dai wannan kam na nuna bajinta ne, an shirya komai an ajiye kafin a fara ƙirga lokaci. Yaya aka yi? An daina gina jirgi daga ƙasa zuwa sama a waje ɗaya ana buga ƙusoshi, sai ake walda manyan ɓangarori a rumfuna daban daban, gaban jirgi a nan, ɗakunan ma'aikata a can, sannan ƙugiya ta ɗauko ta ɗora. Kuma da yawa daga masu waldar basu taɓa ganin jirgin ruwa ba kafin yaƙi, har da mata masu yawa da aka koya musu walda cikin ɗan lokaci.

To amma kula, tsarin raba aikin yana nan tun kusan farko, abin da ya sa kwanakin suka dinga raguwa shine maimaici da lura. Jirgi iri ɗaya ake ta yi, kowane zuwa sai an gano wani abu, wannan ƙarfen gara a juya shi ƙasa a yi waldar a kwance da a yi ta sama da kai, wancan bututun gara a saka shi tun ɓangaren na rumfa kafin a rufe. Wani injiniyan jiragen sama ɗan Amurka mai suna Theodore Wright tun 1936 ya auna wannan abu, ya ga duk lokacin da jimillar jiragen da aka ƙera ta ninka, awannin aikin da ake kashewa akan guda ɗaya na raguwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Wato na biyu ya fi na farko sauƙi, na huɗu ya fi na biyu, na takwas ya fi na huɗu, haka dai.

Abin da ya fi burge ni a labarin Liberty ma ba saurin bane. Jiragen sun fara tsagewa a teku, wasu ƙalilan har rabewa biyu suka yi, musamman a ruwan sanyi na arewacin Atlantika. Da farko kowa ya ɗora laifin akan sabbin masu walda, dama ai talaka ake fara zargi. Sai wata masaniyar ƙarafa a jami'ar Kembirij ta Ingila, Constance Tipper, ta nuna cewa ƙarfen ne kansa yake ƙagewa ya zama mai saurin karyewa in sanyi ya kai wani mataki, kuma da yake walda ce ta haɗe jikin jirgin ya zama abu ɗaya, tsagar in ta fara bata da wajen tsayawa. Aka kuma lura yawanci daga kusurwar bakin rumbun kaya take farawa saboda kusurwar mai kaifi ce. Sai aka gyara zanen, aka zagaye kusurwoyin aka ƙara musu ƙarfi, aka sa wasu faifan ƙarfe masu tare tsaga. Matsala ta taso daga teku, ta koma teburin masu zane, gyara ya bazu zuwa wuraren ƙira. Wannan zagayen shi nake nufi in nace kamfani na koyo.

Yanzu zo mu dawo gida ka ga bambanci. Na taɓa aiki a wani waje da ake haɗa babura da masu ƙafa uku, bazan faɗi suna ba dan ba tonon silili ya kawo ni ba. Kaya na zuwa cikin akwaku da kwalaye, inji a haɗe yake ko murfinsa bamu buɗewa, firam da fentinsa, wayoyi a naɗe cikin leda, notuna a ƙulle a ƴar jaka. Namu shine mu ɗora inji mu ɗaure, mu sa tayoyi da birki da tanki, mu ja waya, a zuba mai a tayar a ji ƙara, shikenan a tura waje. Akwai wani samfuri da damin wayarsa ke bi ta gefen wani ƙarfe mai kaifi a ƙarƙashin tanki, in aka hau hanya mai gargada yana gurzar wayar a hankali har ta haɗu da bodi, fis ya dinga ƙonewa, wani lokacin batir ya mutu cikin dare. Duk tsofaffin hannu a wajen sun san da wannan. Abin da suke yi shine su yanko guntun tsohon tub su naɗe wajen su ɗaure da waya, minti biyu an gama. Amma babu inda aka rubuta, babu wanda ya gaya wa masu ƙerawa a can ƙasarsu, manaja ma ban jin ya sani dan shi lissafinsa guda nawa aka fitar yau. Kuma yawancin yaran ƴan wucin gadi ne, in kwantena ta iso a kira su, in kaya sun ƙare a ce kowa ya je gida sai an neme shi, wanda ya samu wani abin yi bazai dawo ba. Sai a kawo sabbi, su kuma basu san zancen tub ba, sai masu saye su fara dawowa da ƙorafi ana cewa ai kayan yanzu ne basu da kyau. Sifana mai awon ƙarfin ɗauri kuwa guda ɗaya ce a wajen kuma tana kulle a ofis kar ta ɓata, kowa da ƙarfin damtsensa yake ɗaure noti, na mai ƙarfi ya cinye zare na rago ya kwance a hanya.

Ka ga anan akwai ilimi, yaran nan wallahi suna da kai, amma ilimin na mutum ne ba na kamfani ba, ranar da ya fita da shi yake fita.

Kuma kar a ce mu kaɗai ne, mantuwa na kama manyan kamfanoni ma. Lockheed na Amurka ya ƙera jirgin fasinja TriStar guda 250 kafin ya daina a farkon shekarun 1980, masu bincike da suka bi lissafin aikin sun ga duk lokacin da aka rage yawan ƙira aka sallami mutane ko aka canza musu wajen aiki, awannin da ake kashewa akan jirgi ɗaya sai su koma sama maimakon su cigaba da sauka. Wato abin da Wright ya gano ba dole bane, in ka watsar da mutanenka sai ka sake biyan kuɗin makaranta.

Labarin da nake so duk mai masana'anta a Sharaɗa da Bompai da Challawa da Kakuri ya sani shine na wata masana'antar motoci a garin Fremont, ita ma a Kalifoniya. Ta General Motors ce, kuma ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa, fashin aiki na kaiwa kashi 20 cikin ɗari, ga shaye shaye a bakin aiki, ga yajin aiki ba ƙaƙƙautawa, motocin da ke fitowa cike da matsala, har kamfanin ya gaji ya rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗewa da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI. Abin mamaki mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce basu da amfani, har da shugabannin ƙungiyarsu. Toyota ta kwashi ɗaruruwa daga cikinsu ta kai su masana'antarta ta Takaoka a Japan suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa. Suka dawo aka raba su ƙananan ƙungiyoyi na mutum biyar shida da jagoransu, kowa na koyon aikin ɗan uwansa, kuma ma'aikatan da kansu ke auna aikinsu su rubuta hanya mafi kyau ta yinsa, in wani ya gano wadda ta fi sai a canza rubutun kowa ya bi sabuwa. Sannan ga wata igiya a saman layi, duk lebura in ya ga matsala yana da ikon ja, jagora ya rugo, in ba a warware ba layin ya tsaya. A tsohon tsari tsayar da layi babban laifi ne, ko ka ga an ɗaura abu a karkace sai dai ka bari ya wuce a gyara a can baya ko kar ma a gyara. Cikin ɗan lokaci fashin aiki ya faɗo zuwa kashi biyu zuwa uku, ingancin motocin ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, ya kusa kamo na Japan. Gini ɗaya ne, mutane kusan ɗaya ne.

Amma ga inda labarin ya yi ɗaci. Ita General Motors da ta shiga haɗin gwiwar dan ta koya, ta kwashe shekaru da yawa bata iya yaɗa abin zuwa sauran masana'antunta ba. Manajoji na zuwa yawon buɗe ido su ga igiya su koma su rataya tasu, amma wa zai ja igiya a inda ake auna manaja da yawan motar da ta fita, kuma lebura ya san in ya kawo shawarar da ta rage aiki shi za a fara sallama? A Fremont an yi wa ma'aikata alƙawarin ba za a sallame su ba sai in kamfanin na fuskantar durƙushewa, kuma da kasuwa ta ja baya a ƙarshen shekarun 1980 ba a kore su ba, horo aka tura su. Shi yasa suka saki jiki suka faɗi abin da suka sani. General Motors ta shiga fatarar kuɗi a 2009 ta janye, aka rufe NUMMI a 2010, yanzu Tesla ce ke ƙera motoci a ginin.

To shi tsarin gida gidan fa, ina haɗarinsa yake? Volkswagen ta kai shi ƙarshe a 1996 a garin Resende na Brazil inda take yin manyan motoci da bas. Can kamfanonin da ke kawo sassa su ne suka shigo cikin masana'antar da ma'aikatansu, masu firam na ɗora firam, masu inji irinsu Cummins da MWM na ɗora inji, masu fenti na fenti, ma'aikatan Volkswagen basa ɗaura noti a layi. Wani zai ce to ai ga shi, suma haɗa haɗa suke. A'a. Volkswagen ta riƙe zane, ta riƙe gwaji da duba inganci, ta riƙe hulɗa da masu saye, kuma duk masu sassan suna ƙarƙashin rufi ɗaya, in abu bai zauna daidai ba ga mai shi nan a tsaye ba sai an aika saƙo wata nahiya ba. Ita ta san motar ciki da bai kafin ta raba aikin.

Boeing kuwa da jirginsa 787 ya gwada rabawa har da abin da bai kamata ya saki ba. Fukafukai daga Mitsubishi a Japan, wani sashen gangar jiki daga Alenia a Italiya, wani daga Vought a jihar Karolaina ta Kudu a Amurka, hancin jirgi daga Spirit a garin Wichita na Amurka, har aka gyara wasu manyan jirage 747 musamman dan jigilar ɓangarorin, da niyyar in sun iso masana'antar Boeing da ke garin Everett a jona su cikin kwana uku. Kuma ba ƙira kaɗai aka basu ba har da zanen cikin ɓangarorin, su kuma suka sake bada kwangila ga wasu ƙanana da Boeing bai ma san halin da suke ciki ba. Ranar 8 ga Yuli 2007 aka fito da jirgin farko gaban manyan baƙi ana tafi, ashe kusan fanko ne, wasu wuraren ma ƙusoshin wucin gadi ne ke riƙe da shi. Ɓangarori na isowa ba a gama aikin cikinsu ba, takardun da za su nuna me aka yi me ya rage basu cika ba. Jirgin da aka ce za a miƙa a 2008 bai tashi ba sai Disamba 2009, kamfanin ANA na Japan bai karɓi na farko ba sai Satumba 2011, sama da shekara uku a makare. Dole Boeing ya tura injiniyoyinsa su tare a wajen ƴan kwangila, ya kuma sayi masana'antar Vought ɗin a 2009 dan ya dawo da aikin hannunsa. A farkon 2013 kuma aka dakatar da duk jiragen kusan wata uku saboda batir na kama wuta. Abin haushin tun 2001 wani babban injiniyansu ya rubuta takarda yana gargaɗin cewa yawan miƙa aiki waje zai sa riba da ƙwarewa su koma hannun ƴan kwangila, ba a ji ba.

In kamfani irin Boeing da a lokacin ya shekara kusan ɗari yana ƙera jirgi zai iya rikicewa haka dan ya saki sanin yadda sassa ke haɗuwa, ina ga wanda bai taɓa riƙe sanin ba tun asali?

Mu ai mun ga namu da idonmu. A shekarun 1970 gwamnati ta kafa wuraren haɗa motoci, Peugeot a Kaduna da ta fara aiki 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Ta Kaduna har ta jirgin sama ake kawo mata sassa daga Lyon ta Faransa a sauke a Kano a ɗora a mota. An yi 504 da 505 da kowa ke alfahari da su, an horar da mutane sosai, kuma a gaskiya an fara samun wasu kayan a gida kamar batir da taya da gilashi da kujeru. Amma zuciyar motar da zanenta suna can waje. Da kuɗin mai ya ja baya aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 naira ta faɗi, kwalin da ake shigowa da shi ya yi tsada, ƴan kwatano suka cika kasuwa, gwamnatin da ke saye ma ta juya baya, sai wuraren nan suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya ko suka koma suna numfashi da ƙyar. Ƙwararrun da aka kashe kuɗi aka horar wasu suka buɗe gareji a bakin titi, wasu suka koma gona, wasu acaɓa. Haka masaƙun Kakuri, KTL da ta fara tun 1957 da UNTL da sauransu, mutumin da ya shekara ashirin yana jin ƙarar injin saƙa ya gane abin da ke damunsa tun kafin ya tsaya, yau ina yake, wa ya gaji abin da ke kansa? In yau aka ce ga kuɗi a farfaɗo da masaƙun, inji kam za a iya sayowa a wata shida.

Na san masu masana'antu za su ce Malam kana magana kamar baka san halin da ake ciki ba, ga rashin wuta, ga dizal, ga dala, ga kuɗin ruwan banki, ga haraji kala kala, ga manufar gwamnati da ke canzawa kamar hawainiya. Gaskiyarsu ne, ban musa ba. Tsarin da gwamnati ta fitar akan motoci a 2013 ya ɗora haraji har kashi 70 akan motar da aka shigo da ita a haɗe dan a ƙarfafa masu haɗawa a gida, mutane suka zuba kuɗi, sai dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta zaftare wani babban ɓangare na harajin. Wa zai ɗauki ma'aikaci na dindindin ya horar da shi shekara biyar a irin wannan yanayi? Amma tsarin shi kansa yana da rami, dan in rangwamen da ake ba wanda ya kawo mota kusan a gama ya ɗaura mata taya da bamba bai da nisa da na wanda ke walda da fenti a gida, to kowa zai zaɓi mai sauƙin ne, kuma a ɗaura taya babu abin koyo bayan satin farko. Sannan littafin rubuta matsala da biro ba dala ake sayensu ba. Tsayawa minti goma da safe heluma ya tambayi yara jiya me ya baku wahala baya cin dizal. Yawanci girman kai ne, oga baya son yaron da bai gama sakandare ba ya nuna masa abu, yaro kuma ya san in ya yi magana za a ce ya cika iyayi, sai ya ja bakinsa ya naɗa tub ɗinsa.

Kuma akwai waɗanda suka fara daga kwali suka wuce gaba, shi yasa ban yarda da masu cewa haɗa kaya ɓata lokaci bane gaba ɗaya. Baburan Chana da suka cika mana gari, irinsu Lifan, daga birnin Chongqing da yawansu suka fito, kuma da kwaikwayon Honda suka fara. Sassan sun zama kusan iri ɗaya a tsakanin kamfanoni, masu ƙera inji da masu firam da masu robobi suna zaune kusa da juna suna gyara kayansu su dace, farashi ya faɗi warwas har suka kusa kore Honda daga kasuwar Biyetnam, sai da Honda ta fito da wani mai araha Wave Alpha a 2002 ta ƙwato kasuwarta da inganci. Darasi biyu ne a nan, tsarin ya basu sauri da araha, amma waɗanda suka tsaya a kwaikwayo kawai sun mutu a yaƙin farashi, waɗanda suka rayu su ne suka fara zana nasu injin. Nan gida ma Innocent Chukwuma na Innoson a Nnewi da kayan gyaran babur ya fara, ya koma shigo da babura a warwatse yana haɗawa, ya lura robobin jiki za a iya yinsu a nan ya kafa wajen yin roba, daga baya ya buɗe masana'antar motoci a 2010. Mutum zai iya muhawara akan kashi nawa na motarsa ake yi a gida, amma dai kowane mataki ya ɗauki wani abu daga kwalin ya ce wannan na koya, daga yau ni zan yi. A Kano da adaidaita sahu ta cika ko'ina musamman tun da aka hana acaɓa a 2013, ga maƙera ga masu walda ga masu kujeru da rumfa da ke gyara su kullum sun san duk inda suke karyewa, me ya hana masu haɗawa su zauna da su a fara yin rumfa da kujera da ƙarfen baya a nan da awo ɗaya da kowa zai bi? Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF tana nan tun 1971 ana cire wa kamfanoni kuɗin horo, ɗaliban kwalejojin fasaha na zuwa SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, suna zaman aike da sayo abinci, da an haɗa su da tsofaffin hannu suna rubuta abin da suke gani ai da an rage asara.

Roƙona gareka Malam Edita, tunda wakilanku ne ke zuwa wajen bukukuwan buɗewar nan, dan Allah in an gama jawabi a ɗan zaga bayan rumfa. A tambayi mai wajen wane sashe ne ake yi a nan, kuma wanne yake shirin fara yi nan da shekara biyu. A tambaya cikin ma'aikatan nawa ne na dindindin nawa ne ake kira in kwantena ta zo. A ce ya nuna inda ake rubuta matsalolin da aka samu a layi da waɗanda masu saye suka dawo da su, da kuma abu ɗaya da aka canza saboda wani lebura ya yi magana. Sannan a koma bayan shekara ɗaya ba tare da gayyata ba a ga ko ƙofar a buɗe take, ku buga mana abin da kuka gani ko da babu hoton gwamna a ciki.

Na gode da bani wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani tsohon mai haɗa injuna, daga Kano